Yadda ake auna garkuwar wanda ya taɓa kamuwa da korona bayan an yi masa allurar rigakafi

Ma'aikatan jinya biyu, sa'annin juna, an yi musu allurar rigakafin korona rana ɗaya daga kwalba ɗaya. Bayan mako 3 aka ɗebi jininsu, sai sakamakon ɗaya ya ninka na ɗayar sau goma ko fiye. Wanda bai san kan lamarin ba zai ɗora wa na'ura laifi, ko ya ce allurar ɗayar ce ta lalace. Galibi ba haka ba ne. Ɗaya daga cikinsu ta taɓa kamuwa da cutar watannin baya, wataƙila ma ba ta sani ba. Allurar da aka rubuta mata a kati a matsayin ta farko, a wurin jikinta karo na biyu ke nan da ya yi ido huɗu da abokin gaba.

Wannan bayani na ma'aikatan ɗakin gwaji ne, da ɗaliban da ke shirya bincike, da likitocin da ake kawo wa takardar sakamako a ce su fassara. Adadin antibodi da ke kan takarda ba ya karantuwa sai an san abu uku: ko mutum ya taɓa kamuwa, yaushe, kuma wace allura aka yi masa.

Abin da ke faruwa a jiki

Antibodi furotin ne da jiki ke ƙerawa don ya maƙale wa ƙwayar cuta. Masu ƙera su su ne ƙwayoyin jini da ake kira B. Idan jiki bai taɓa ganin korona ba, allura ta farko kamar ɗaukar sababbin kurata ce: sai an nemo 'yan ƙalilan ƙwayoyin B da suka dace, su hayayyafa a cikin kaluluwa, a tace su, sannan su fara aiki. Wannan kan ci mako 2 zuwa 3, kuma abin da ake samu kaɗan ne. Shi ya sa aka tsara allura ta biyu.

Wanda ya warke daga cutar kuwa, ko da antibodi ɗin jininsa sun ragu, yana da ƙwayoyin B masu riƙe kamannin cutar a ajiye. Binciken da aka yi a Jami'ar Rockefeller ta New York, wanda aka wallafa a 2021, ya nuna cewa waɗannan ƙwayoyi ba a zaune kawai suke ba. Suna ci gaba da gyaruwa tsawon wata 6 har zuwa shekara, antibodi ɗinsu na ƙara ƙarfin riƙo, suna kuma iya gane nau'o'in cutar da suka sauya kama. Allura na shiga, sai su farka cikin 'yan kwanaki.

Alƙaluman farko sun fito ne a farkon 2021. Ƙungiyar Florian Krammer ta Mount Sinai a New York ta gano cewa bayan allura ɗaya ta Pfizer ko Moderna, waɗanda suka taɓa kamuwa suna da antibodi ninki 10 zuwa 45 na waɗanda ba su taɓa ba, har sun zarce matsakaicin waɗanda aka yi wa allura biyu da fiye da ninki 6. Allura ta biyu ba ta ƙara musu wani abin a zo a gani ba. A Landan, cikin ma'aikatan lafiya 51, waɗanda suka kamu a zagayen farko sun samu ƙarin da ya haura ninki 140 a kan mafi yawan abin da suke da shi kafin allura. A cibiyar Fred Hutchinson da ke Seattle an ga ƙarfin toshe ƙwayar cuta ya tashi har ninki 1,000 a wasu. Wannan ita ce garkuwa mai tushe biyu, ɗaya daga cuta, ɗaya daga allura.

Mataki na farko: tarihi, da kwanan wata

Kafin a taɓa sirinji, a cike fom. A rubuta shekaru, jinsi, ciki idan akwai, da cututtukan da ke raunana garkuwa: ƙanjamau tare da adadin ƙwayoyin garkuwa na CD4 na ƙarshe, dashen ƙoda, wankin ƙoda, kansar jini, da magunguna irin su rituximab da prednisolone na dogon lokaci. A kwafi sunan allura da ranar kowace ɗaya daga katin rigakafi, ido ya gani, ba daga bakin mutum ba. Da yawa ba sa tuna ko AstraZeneca aka yi musu ko Moderna, wasu kuma an haɗa musu iri biyu. A tambayi ko an taɓa yi masa gwajin hanci, da ranar, da irin gwajin. A tambayi ko an kwantar da shi, ko an sa masa iskar oksijin, domin wanda ya sha jiki sosai ya fi tara antibodi a kan wanda bai ji komai ba. A tambayi ko an ƙara masa ruwan jinin waɗanda suka warke ko antibodi na kwalba, saboda waɗannan aro ne, za su fito a gwaji har tsawon makonni alhali ba jikinsa ne ya ƙera su ba.

Amsar "ban taɓa yin korona ba" ba hujja ba ce, musamman a ƙasashenmu. Binciken jini da NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Najeriya, da NIMR, cibiyar binciken lafiya ta ƙasar, suka yi a 2020 ya samu antibodi a kashi 23 cikin 100 na mutanen da aka gwada a Legas da Enugu, kashi 19 a Nasarawa, kashi 9 a Gombe, tun kafin allura ko ɗaya ta iso ƙasar a ranar 2 ga Maris 2021. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa zuwa Satumba 2021 kusan kashi biyu cikin uku na mutanen Afirka sun riga sun kamu. Akasarinsu sun ɗauka mura ce ko zazzaɓin cizon sauro. Wani bincike da aka wallafa a 2022 kan waɗanda aka yi wa AstraZeneca a Legas da Kumasi ya tarar da alamar tsohuwar kamuwa a kusan kashi 44 na 'yan Najeriya da kashi 28 na 'yan Ghana tun kafin allura. Duk wanda ya raba mutane rukuni biyu bisa abin da suka faɗa kawai, rukuninsa na "waɗanda ba su taɓa ba" zai cika da waɗanda suka taɓa, kuma bambancin da yake nema zai dishe.

Gwaji biyu ake yi, ba ɗaya ba

Ƙwayar korona tana da furotin biyu da suka shafe mu. Akwai S, wato ƙayoyin da ke bayanta waɗanda take maƙale wa ƙwayoyin jikin mutum da su. Akwai N, wanda ke lulluɓe da ƙwayoyin halittarta a ciki. Alluran Pfizer, Moderna, AstraZeneca, Johnson & Johnson da Sputnik V duk S kaɗai suke koya wa jiki. Cutar kanta kuwa tana nuna wa jiki duka biyun. Saboda haka gwajin antibodi na S shi ke auna amsar da jiki ya ba allura, na N kuma shi ke tona asirin tsohuwar kamuwa. Mai S kaɗai, allura ce. Mai S da N, ya haɗu da cutar.

Wannan ƙa'ida tana da wuraren da take karyewa, kuma a nan ne aka fi yin kuskure.

Alluran Sinopharm, Sinovac da Covaxin an yi su ne da ƙwayar cutar sukutum da aka kashe, don haka suna iya haifar da antibodi na N. Ga wanda aka yi wa ɗaya daga cikinsu, N ba ya tabbatar da kamuwa. Wannan ya shafi Nijar kai tsaye, inda aka fara rigakafi da Sinopharm a Maris 2021. A irin wannan hali dole sai an samu jinin da aka ɗiba kafin allura, ko takardar gwajin hanci.

Na biyu, antibodi na N suna gushewa da sauri fiye da na S, kuma saurin ya danganta da kayan gwaji. Gwajin N na kamfanin Abbott, mai iyakar 1.4, wato adadin da daga shi ake cewa akwai, yakan koma babu a mutane da yawa bayan 'yan watanni. Na Roche, mai iyakar 1.0, yana riƙe alamar fiye da shekara a mafi yawan mutane. Idan tsohuwar kamuwa ake nema, na Roche ya fi dacewa.

Na uku, wanda ya kamu bayan an yi masa allura ba lallai ya samar da N ba, domin garkuwarsa takan murƙushe cutar kafin jiki ya gama ganin cikinta. A gwajin allurar Moderna, cikin waɗanda gwajin hanci ya tabbatar sun kamu, kashi 40 kacal na masu allura ne suka nuna N, alhali a waɗanda ba a yi wa ba kashi 93 ne. Mafita ita ce a lura da S ɗin kansa: idan ya tashi ninki 4 ko fiye tsakanin ɗiba biyu ba tare da sabuwar allura ba, a ɗauka mutum ya kamu a tsakani.

Sai kuma batun zazzaɓin cizon sauro, wanda masu ƙera kayan gwaji a Turai da Amurka ba su yi lissafi da shi ba. An gwada samfurori 213 da aka ɗiba a Najeriya a 2018, kafin a san da wannan cuta, sai kashi 17.8 suka nuna akwai a gwajin N na kamfanin Euroimmun, kashi 6.1 a na Abbott. Duk ƙarya ce, kuma an alaƙanta ta da antibodi na maleriya masu maƙalewa sama-sama. Da aka ƙara wanki da ruwan yuriya a cikin aikin, yawancin alamun suka ɓace. Abin yi shi ne, idan akwai tsofaffin samfurori na kafin 2020 a firiza, a gwada 50 zuwa 100 daga cikinsu da kayan da za a yi aiki da su, a ga nawa ne za su yi ƙarya. Idan babu, duk sakamakon N da ya tsaya dab da iyaka a sake shi da kayan wani kamfani daban. A jinin kafin allura, a ɗauki mutum a matsayin wanda ya taɓa kamuwa idan S da N duka sun nuna.

Ranakun ɗibar jini

Ɗiba mafi daraja ita ce ta ranar allura ta farko, kafin a soka allurar. Idan ta kuɓuce ba ta dawowa. Ta biyu, ranar allura ta biyu kafin a yi ta: kwana 21 ga Pfizer, 28 ga Moderna, mako 8 zuwa 12 ga AstraZeneca. Tunda tazarar AstraZeneca tana da tsawo, a ƙara ɗiba ɗaya a kwana na 28, in ba haka ba za a rasa ƙololuwar. Ta uku, kwana 28 bayan allura ta ƙarshe. Sai wata 3, wata 6, da shekara ɗaya ga mai son ganin yadda garkuwar ke raguwa. Yau da kusan kowa ya riga ya sha allura ko cuta ko duka biyun, tsarin bai canza ba: ɗiba a ranar allurar ƙari, sai kwana 28, sai wata 6.

Mai hali ya ƙara ɗiba a kwana na 7 zuwa 10. A nan bambancin ya fi fitowa fili, domin wanda ya taɓa kamuwa ya riga ya yi sama, ɗayan kuwa jininsa bai motsa ba tukuna. A tsayar da sassaucin kwana 3 gaba ko baya ga kowace ɗiba, kuma a rubuta ainihin ranar. Kwatanta jinin kwana 14 na wani da jinin kwana 90 na wani aikin banza ne.

Ɗiba da ajiya

A ɗebi mililita 5 daga jijiya a kwalba mai jan murfi, ko mai ruwan ɗorawa da ke da jel a ƙasa. A liƙa lambar mutum da rana a jikin kwalba tun yana zaune a gabanka. A bar ta tsaye minti 30 jini ya sandare, sannan a juya a na'urar tace jini da ƙarfin g 1,000 zuwa 2,000 na minti 10. Ruwan da ya taso sama, mai kalar fatsi-fatsi, shi ake so. A raba shi cikin ƙananan kwalabe uku ko huɗu, rabin mililita kowace. Dalili shi ne narkarwa da sake daskarar da samfuri sau da yawa yana lalata furotin, don haka kowace kwalba sau ɗaya za a buɗe ta.

Idan za a yi gwaji cikin 'yan kwanaki, firij mai sanyin digiri 2 zuwa 8 ya isa. Idan zai wuce haka, firiza mai digiri 20 ƙasa da sifili, na shekaru kuma mai 80. Firizar gida mai narkar da ƙanƙara da kanta ba ta dace ba, domin tana ɗumama kayan ciki a kai a kai. Inda wuta ke yawan ɗaukewa, ga dabara mai sauƙi: a daskarar da ruwa a ƙaramin kofi, a ɗora kwabo a kan ƙanƙarar, a ajiye kusa da samfurori. Ranar da aka tarar da kwabon a ƙasan kofi, an san firizar ta narke ta sake kamawa, sai a rubuta a littafi.

Ruwan jinin da ya yi ja alama ce ƙwayoyin jini sun fashe. Abin da ke jawo haka: siririyar allura, jan sirinji da ƙarfi, matsa jini cikin kwalba ta bakin allura, girgizawa, ko barin kwalba a mota cikin zafin rana. Idan ya yi ja sosai a sake ɗiba. Samfurin da aka narkar a gauraya shi a hankali, domin furotin kan taru a ƙasa, wanda ya zuƙi na sama kawai zai samu adadi ƙasa da gaskiya.

A kan na'ura

Ɗan katakon gwaji mai layi biyu ba ya wannan aiki. Eh ko a'a kawai yake faɗa, mu kuwa nawa muke tambaya. Ana buƙatar gwaji mai ba da adadi, ko dai a babbar na'ura irin ta Roche, Abbott da DiaSorin, ko ELISA, gwajin da ake karanta sakamakonsa ta ƙarfin launi, na faranti mai ramuka 96.

Babban tarkon da ke jiran mai auna garkuwa mai tushe biyu shi ne rufin na'ura. Gwajin S na Roche yana karantawa ne daga 0.4 zuwa 250 idan ba a sirka samfuri ba. Wanda ya taɓa kamuwa aka kuma yi masa allura yakan kai dubbai ko dubun dubata. Na'ura za ta buga "fiye da 250" ga mai 300 da mai 30,000 baki ɗaya. Idan aka shigar da 250 a lissafi, rukunan biyu za su fito kunnen doki, a kuma rubuta cewa tsohuwar kamuwa ba ta da tasiri. Duk samfurin da ya buga rufi a sirka shi da ruwan sirki na kamfanin, ba ruwan gishiri ko tataccen ruwa ba. Maikurolita 50 na samfuri a cikin 450 na ruwan sirki ya ba da ɗaya cikin 10. A ɗebi 50 daga wannan a zuba cikin wani 450, ya zama ɗaya cikin 100. A canza bakin bututun awo a kowane mataki, a gauraya sosai, sannan a ninka sakamako da adadin sirkin. Idan na'urar ce ta yi sirkin da kanta, ta riga ta ninka, kada a sake.

Ga masu ELISA, takardar da ke cikin kwali ita ce shugaba, amma tsarin Euroimmun misali ne mai kyau: maikurolita 10 na samfuri cikin mililita 1 na ruwan sirki, a zuba 100 a rami, awa ɗaya a digiri 37, wanki sau uku, sinadarin haɗi minti 30, wanki kuma, sinadarin launi minti 30 a cikin duhu, a tsayar, a karanta a nanomita 450. Wanki ne ya fi ɓata aiki. Idan bai fita ba, duk farantin zai yi launi, har ramukan da babu komai. Sai zafin ɗaki: matakin launi an tsara shi ne don digiri 18 zuwa 25, a ɗakin da ya kai 38 a watan Afrilu launin zai yi gudu ya wuce ƙima. A yi aikin da sassafe ko a ɗaki mai na'urar sanyi. A fito da kayan daga firij minti 30 kafin a fara. Duk samfurorin mutum ɗaya, daga ranar farko zuwa ta ƙarshe, a gwada su a faranti ɗaya, kuma a cakuɗa rukunan biyu a kowane faranti. Idan aka ware masu tsohuwar kamuwa a farantin Litinin, sauran a na Laraba, ba za a san ko bambancin na mutane ne ko na farantai ba.

Kowane kamfani da ma'auninsa. A Disamba 2020 Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da samfurin mizani mai lamba 20/136, wanda daga shi aka samu ma'aunin bai-ɗaya na yawan antibodi, wato BAU a kowace mililita. Sakamakon Abbott ana ninka shi da 0.142, na DiaSorin TrimericS da 2.6, na Euroimmun QuantiVac da 3.2, na Roche kuwa kusan daidai yake da BAU. Wato 10,000 na Abbott shi ne BAU 1,420. Amma ko bayan an mayar, jini ɗaya zai iya ba da adadi mabambanta a na'urori biyu, domin wani RBD kaɗai yake kamawa, wato kan ƙayar, wani ƙayar duka, wani nau'in antibodi ɗaya mai suna IgG kaɗai yake ƙirgawa, wani dukkan nau'o'in antibodi. Wanda ya fara da kayan kamfani ɗaya ya ƙare da su.

Yawan antibodi daban, amfaninsu daban. Masu hana cutar shiga ƙwayar jiki su ne masu toshewa, kuma a shekarun annobar auna su da ƙwayar cuta mai rai sai a ɗakin gwaji mai tsaro mataki na 3. Da ƙwayar kwaikwayo, wato wata ƙwaya mara haɗari da aka sanya wa ƙayoyin S, mataki na 2 ya isa, bayan an ɗumama samfuri a digiri 56 na minti 30. Gwajin cPass, mai auna toshewa ba tare da ƙwayar cuta ba, yana yiwuwa a ɗakin ELISA na yau da kullum, iyakarsa toshewar kashi 30, sai dai shi ma yana da rufi: jinin mai garkuwa biyu yakan tsaya a kashi 95 zuwa sama, don haka sai an jera sirki. A kuma duba wane nau'in cutar aka gina gwajin a kai. Mafi yawan kayan kasuwa a kan nau'in farko na Wuhan suke, kuma adadi mai yawa a kansa ba ya nufin an toshe jikokin Omicron da ke yawo tun ƙarshen 2021.

Lissafi

Adadin antibodi ba ya tafiya a jere, tsalle yake yi. A ɗauki mutum biyar masu 200, 300, 400, 500 da 20,000. Idan aka tara aka raba biyar, 4,280 za a samu, adadin da bai yi kama da ko ɗaya cikinsu ba. A mayar da kowane adadi logaridim na 10, a ɗauki matsakaicinsu, a dawo da shi, sai a samu kusan 750. Wannan shi ake bayarwa, ko kuma na tsakiya, wato 400. Wanda ya faɗo ƙasa da iyakar na'ura a ba shi rabin iyakar, kada a sa sifili, domin sifili ba shi da logaridim. A bayar da ninkin ƙaruwa tare da ainihin adadi, saboda ninki kaɗai yana ruɗarwa: wanda ya tashi daga 0.4 zuwa 40 ya ninka sau 100, wanda ya tashi daga 200 zuwa 10,000 sau 50 kawai, alhali na biyun ya fi shi nesa ba kusa ba.

Idan sakamako ya saɓa wa tsammani

Wani lokaci mutum yana da takardar gwajin hanci da ta ce ya kamu, amma ya amsa allura kamar baƙo. A duba jininsa na ranar farko. Idan babu S babu N, to ko kamuwar ta yi sauƙi har ba ta bar tarihi mai ƙarfi ba, ko gwajin hancin ne ya yi kuskure. Irin wannan yana buƙatar cikakken zagayen allura. Haka ma mai raunin garkuwa: a wani binciken Jami'ar Johns Hopkins ta Amurka kan waɗanda aka yi wa dashen gaɓoɓi, kashi 54 ne kawai suka samar da antibodi bayan allura biyu.

Tazara ma tana da tasiri babba. Wanda aka yi wa allura wata ɗaya ko biyu bayan ya warke ba ya samun ƙarin da wanda ya jira fiye da wata 3 ke samu, kamar yadda aka gani a ma'aikatan lafiya a Siena ta Italiya, domin ƙwayoyin B ɗinsa ba su gama nuna ba. Akwai kuma abin da ake kira tambarin farko: nau'in da jiki ya fara haɗuwa da shi yana jan ragamar amsoshin gaba, har ya kan fifita tsofaffin antibodi a kan ƙera sababbi. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka cire nau'in Wuhan daga alluran da aka sabunta, aka koma jikokin Omicron: XBB.1.5 a 2023, sannan dangin JN.1 a 2024. Saboda haka a rubuta shekara da watan kamuwa, don wanda ya kamu a 2020 da wanda ya kamu a 2022 ba rukuni ɗaya ba ne.

Abin da za a gaya wa mai jini

Mutane za su tambaya, "Likita, nawa ne ya isa?" Babu adadi ɗaya da aka tsayar na cewa mutum ya tsira. An taɓa alaƙanta BAU 264 da kariyar kashi 80 ga masu AstraZeneca, amma a kan nau'in Alpha ne, kuma lissafin taron jama'a ne, ba na mutum ɗaya ba. Gwajin jini kuma ba ya ganin ƙwayoyin T masu kashe ƙwayoyin jikin da cutar ta shiga, ba ya ganin ƙwayoyin B da ke ajiye, ba ya ganin antibodi na cikin hanci. FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, ta gargaɗi jama'a a Mayu 2021 da kada a yi amfani da shi wajen yanke hukunci kan garkuwar mutum bayan allura.

Abin da ya tabbata shi ne allura tana ƙara wa wanda ya warke kariya sosai. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, aka wallafa a Janairu 2023, ya nuna cewa bayan wata 12 tsohuwar kamuwa kaɗai tana kare mutum daga kwanciya asibiti ko ciwo mai tsanani da kusan kashi 75, garkuwa mai tushe biyu kuwa kashi 97. Kariya daga sake kamuwa ta fi saurin zubewa: kashi 25 da kashi 42. Kada wani ya fahimci wannan a matsayin izinin neman cutar da gangan, domin ita ce ke kashe tsofaffi da masu ciwon suga, ta kuma bar wasu da gajiya da sarƙewar numfashi na watanni.

Game da lokaci, ba a yi wa mai zazzaɓi allura sai ya warke. Bayan haka CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, ta ce ana iya jira wata 3, Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce har wata 6. Faransa ce ta fara, a Fabrairu 2021, ba da shawarar allura ɗaya tak ga waɗanda suka warke, Jamus da Italiya suka bi sahu. Tsoho, mai ciki da mai raunin garkuwa kada su ja jiran ya yi tsawo. A kuma shaida wa wanda ya taɓa kamuwa tun kafin ya tashi daga kujera cewa shi ya fi jin allurar a jiki: zazzaɓi, ciwon kai, ciwon gaɓoɓi da kasala na kwana ɗaya zuwa biyu. Farasitamol da ruwa mai yawa sun isa. Idan zazzaɓin ya wuce kwana 2, ko ya zo da ciwon ƙirji, sarƙewar numfashi ko ciwon kai mai tsanani da ya ƙi sauka, ya dawo asibiti a ranar, a kuma yi masa gwajin maleriya tare da sauran bincike.